Mai Goma Sha Biyu Da Mai Uku

Wanda ya bar Kano ya bi hanyar Zariya, in ya yi tafiyar kamar kilomita 30, zai iso Kura. Tun bai shiga gari ba idonsa zai gaya masa ya zo wata ƙasa dabam, gama ko a tsakiyar bazara, sa'ad da ko'ina ya bushe ya yi fari, nan sai ya ga kore shar hagu da dama. A da an san Kura da rini ne, har rawanin nan mai ƙyalli wanda Buzaye ke so ana ce da shi ɗan Kura. Yau kuwa shinkafa ta ɗauke sunan. Abin da ya kawo wannan shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta a 1974. Daga can aka jawo ruwa ta babbar hanya, aka rarraba shi ta ƙananan hanyoyi cikin gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Filin da aka tsara shayarwa a kashin farko ya kai hekta 22,000, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuwa, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da aikin.

Ruwan nan ya kawo arziki, ba mai musu. Amma ya karɓe wani abu wanda ba a cika sa shi cikin lissafi ba, watau hutun rani. A da, in an yi girbi an kai amfani rumbu, manomi yana da wata biyar ko shida a hannunsa. Wani ya tafi cin rani, wani ya kama saƙa, wani ya ɗauki buzunsa ya nufi zauren malam. Yanzu kuwa kafin a gama sussukar shinkafa an fara gyaran fangali don alkama da tumatir da albasa. Ga ban ruwa, ga sa taki, ga feshi, ga kai kwanduna Kwanar Gafan. Ana yanke alkama sai a koma rainon irin shinkafa, daga nan sai dashe, daga dashe sai ciyawa, in ta fid da kai sai tsaron jan-baki tun asuba. Shekara ta zama zobe, ba inda ta yanke. Mutumin da ya ce zai zauna ya karanta littafi a wannan ƙasa, lalle daga barcinsa zai yanko lokacin.

Ga wanda ya koyi karatu da girmansa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Karatun da aka koya bayan gemu ya fito kamar wuta ne a ɗanyen itace, in an daina hurawa sai ta mutu. Tun cikin shekarun 1950, sa'ad da Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa, aka gane takardar shaida ita kaɗai ba ta tsare wa mutum karatunsa, sai an ba shi abin da zai riƙa karantawa. Saboda haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina, har zuwa 1959. Jihar Kano ta sāke ɗaga tutar a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, da ta kafa hukumar ilmin manya. Har wa yau dai matsalar ita ce ta jiya. Koyon baƙi da wasali wata kaɗan ne, riƙe su ne aikin rai da rai.

To, a ɗauki misalin waɗansu 'yan'uwa biyu, wa da ƙane. Ba sai an nemi sunansu ko garinsu ba, gama irinsu suna da yawa tsakanin Kura da Bunkure. Tare suka shiga ajin manya, rana ɗaya suka karɓi takarda. A ranar malamin aji ya yi musu nasiha, ya ce kowa ya ɗaura niyyar sauke littafi ɗaya kowane wata, daga wannan girbin shinkafa zuwa na baɗi, ya ce adakar littattafansa a buɗe take ga mai son aro. Su biyun suka ɗauki alkawari a gaban jama'a.

Wan mutum ne mai zafin nama. In ya sauke littafi sai ya ɗauki gawayi ya ja layi ɗaya a bangon zaure, inda duk mai shigowa zai gani. Ya fara da littattafan nan biyar da suka fito daga gasar da Ofishin Fassara na Zariya ya shirya a 1933, watau Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Ya bi da Magana Jari Ce, ya lissafa shi uku tun da yake littafi uku ne. Ya ƙara da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Goma ke nan. Yana karatu a bakin gona sa'ad da yake jiran ruwa ya cika fangali, yana karatu da dare da hasken waya har idonsa ya yi ja. Da ya ga shinkafa ta fara nuna saura layi biyu, sai ya koma adakar malam ya zaɓo 'yan sirara guda biyu, ya share su cikin mako ɗaya. Ran da aka sa lauje, layi goma sha biyu suna bango.

Ƙanen kuwa biyu ya sauke, na uku ya tsaya a tsakiya.

Wa ya fi cikin su biyun? Jama'ar zaure ba su ga abin tambaya a nan ba, gama goma sha biyu ta fi uku ko a wurin yaro mai kiwon awaki. Kuma kada a yi garajen raina hukuncinsu. Wan ya yi alkawari ya cika, alkawari kuwa kaya ne. Waɗansu sukan ce alkawarin da mutum ya yi wa kansa ba shi da nauyi, tun da shi ne mai bin bashin shi ne kuma wanda ake bi, ran da ya ga dama sai ya yafe wa kansa. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Wanda ya saba yafe wa kansa bashi, sannu a hankali yakan daina gaskata bakinsa. Gobe in ya ce zai tashi da asuba ya kama ruwa, zuciyarsa ta riga ta san maganarsa ba ta da ƙashi, sai ta bar shi ya yi ta barci. Mutumin da ya yi wata goma sha biyu yana tilasta wa kansa buɗe littafi bayan ya wuni cikin taɓo ya sayi wani abu mai tsada, watau sanin cewa in ya ce zai yi, zai yi. Ban da wannan, ga amfanin da ke bayyane. Bara yana bin kalma da yatsa yana haɗa baƙi da wasali a fili, bana takardar da ke jikin kwalbar maganin feshi ba ta gagararsa, ba kuwa mai sayar masa da taki da zai rubuta buhu biyar ya ce shida ne. Harshe da ido ba su yin laushi sai da yawan bi. Wannan kam yawa ne ke kawo shi, ba wata hanya.

Sai dai akwai maganar 'yan siraran nan biyu. Bai yi ƙarya ba, littattafai ne, ya kuwa karanta su daga bango zuwa bango. Amma me ya sa ya zaɓe su? Ba abin da ke cikinsu ne ya ja shi ba, ƙarancin shafinsu ne. A nan ne abin ya juya ba tare da ya sani ba. Da fari ya ja layi a bango don layin ya taimake shi karatu, daga baya ya koma yana karatu don ya sami abin jan layi. Kamar mai gona ne da ya yi hayar ɗan ƙidayar buhuna, a kwana a tashi ɗan ƙidaya ya zama shi ke faɗin abin da za a shuka, ya ce a bar shinkafa a shuka abin da ya fi cika buhu ko da ƙaiƙayi ne.

Da aka taru a zauren don murna, malamin aji ya zo. Bayan an gaisa ya dubi bango ya sa albarka, sa'an nan ya ce wa wan ya ɗan ba jama'a labarin abin da ya gani cikin littattafan. Wan ya gyara zama ya kama ba da labarin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, yadda kowa ke haƙa wa ɗan'uwansa rami, aka yi ta dariya. Can sai ya sako wata dabarar ɓarayi ta cikin Idon Matambayi ya jingina wa Malam Zurƙe, ya ɗauko wani labarin aku ya kai shi ƙasar da Ganɗoki ya je. Malam bai gyara masa ba. Ya dai tambaye shi, ya ce, "Cikin goma sha biyun nan, wanne ne ya hana ka barci?"

Wan ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, ko ɗaya. Ni in na rufe littafi na rufe ke nan, sai na gaba."

Malam ya juya wajen ƙanen ya ce, "Kai fa?"

Ƙanen ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban cika alkawari ba. Yaya ne ya cika."

Abin da ya faru da shi ga shi. Ya fara da Shaihu Umar, ya yi wata biyu a kansa, gama da ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Ba Umar ne ya riƙe shi ba, uwar Umar ce. Matar nan an sace mata ɗa, ta fita nemansa ita kaɗai, aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, aka ƙetara hamada da ita, ba ta sadu da ɗan ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ba ta kuwa daɗe ba bayan saduwar ta rasu. Shi tun yana yaro yake jin ana cewa gidan su wane asalinsu bayi ne, yana jin maganar kamar yadda ake cewa gidan su wane marina ne. Bai taɓa tsayawa ya tuna kowane bawa yana da uwa ba, sai da wani malamin makaranta na Bauci, wanda daga baya ya zama Firayim Minista a 1957, ya sa shi ya bi sawun mace ɗaya cikin rairayi.

Na biyu Jiki Magayi ne, ya kuwa same shi a kan gaɓa. Kowa a ƙasar nan ya san rigimar na sama da na ƙasa. Wanda gonarsa ke kusa da bakin hanyar ruwa yakan sha ya ƙoshi, wanda ke can wutsiya sai abin da aka rage. Gonar ƙanen a wutsiya take. A ranin nan wani maƙwabcinsa na sama ya riƙa zuwa da dare yana toshe hanya da buhunan ƙasa ranar da ba tasa ba, har tumatirin ƙanen ya yanƙwane yana cikin fure. Ya ƙulla a ransa zai je shi ma da dare ya fasa ruwa cikin albasar mutumin, ya bar shi ya kwana a ciki ta ruɓe. Yana cikin wannan ƙulli yana karanta labarin Abubakar, wanda mai kuɗi Malam Shehu ya ƙwace wa Zainabu. Da fari duk zuciyarsa tana tare da Abubakar, gama an cuce shi. Sai ya ga mutumin ya ƙare ƙuruciyarsa wajen yawon neman abin ramuwa, ramuwar kuma ta sauka a kan Kyauta, yaron da ba a ko haife shi ba sa'ad da aka yi laifin, ya lalace ya zama ɓarawo, har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa. Ƙanen ya tuna albasar nan da ita maƙwabcin ke ciyad da 'ya'ya, 'ya'yan kuwa ba su toshe ruwan kowa ba. Ya fasa. Ya kai ƙara wurin shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa, aka yi zama, aka ja wa mutumin kunne. Tumatir dai ya riga ya tafi.

Kada a ɗora wa littafi abin da ya fi ƙarfinsa. Mai yiwuwa ne tsoron kamu ya taimaka, mai yiwuwa ne matarsa ta yi masa magana, ga kuma wa'azin da yake ji tun yana yaro cewa haƙuri ya fi. Mutane da yawa sun karanta Jiki Magayi sun rufe, sun fita sun rama abin da aka yi musu har da ƙari. Littafi ba laya ba ne. Abin da ya yi wa wannan mutum kaɗan ne, amma a daidai wurin: wa'azi ya gaya masa ramuwa ba kyau, labari kuwa ya sa shi ya zauna cikin rigar mai ramuwa kwana da kwanaki, ya ga inda hanyar ta ɓulle tun bai taka ta ba.

Manomin Kadawa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Babbar hanyar da ta taso daga Tiga ita ta fi kowace gona ganin ruwa, dare da rana yana wucewa ta cikinta, amma ba a taɓa girbe ko tiya ɗaya a cikinta ba, sai kacala da ke tsirowa tana toshe ta. Fangali kuwa ɗan abin da ya shigo ta bututu yake samu, sai dai yana riƙe shi har ya nutse ya kai saiwa. Mai karatu zai ce to, an gane, wan shi ne hanyar ruwa, ƙanen shi ne fangali. Amma misalin yana da baki biyu. In ba hanyar, me zai kai ruwa fangali? Kuma ruwan da ya kwanta wuri ɗaya ya ƙi wucewa shi ma ɓarna yake yi, ya jiƙe ƙasa ta yi tsami, kanwa ta taso, saiwa ta ruɓe. Gonaki da dama a wannan yanki abin da ya kashe su ke nan, ba ƙishi ba. Ƙanen ya yi wata biyu a littafi na fari, wata biyu a na biyu, ya kama na uku ya aje. Sauran watannin fa? Tunani abu ne mai daraja, amma lalaci ya iya ara rigarsa ya sa, har mai shi ya kāsa rarrabe su. In aka bar shi a haka shekara biyu, idonsa zai koma gidan jiya, sa'an nan ko littafin da zai hana shi barci ba zai iya bi ba.

Ana cikin wannan sai wani dattijo, ƙanen ubansu, ya sa baki. Ya ce shi duk bai ga abin yabo ba, mai goma sha biyu da mai uku duka ƙarya suka karanta, wanda ya fi yawa shi ya fi shan ƙarya. Ya ce ba a taɓa yin wani Alhaji Imam ba, ba a taɓa yin aku mai sarautar waziri ba, mutum da gemunsa ya zauna yana bin tatsuniya kamar yaro a gindin kaka.

Wannan magana tsohuwa ce, ta girmi dattijon kansa. Sa'ad da Rupert East ya zaga garuruwan Arewa a 1933 yana neman masu rubuta ƙagaggun labarai, babbar wahalar da ya fara gamuwa da ita ita ce shawo kan malamai su yarda abin ya cancanci alƙalaminsu, gama a wurinsu rubutu na ilmi ne da addini, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Ba ta kuwa mutu ba, don a 2007 an tara waɗansu littattafan soyayya an ƙone su a bainar jama'a a Kano, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Amsar kashin farko ba ta da wuya. Ƙarya ita ce a gaya wa mutum abin da ba haka ba don ya ɗauka haka ne. Mai ƙaga labari bai ɓoye wa kowa ƙagawa yake yi ba, kamar yadda mai tatsuniya takan rufe da jingina abin ga Gizo don kowa ya san inda aka tsaya. Ba a yi uwar Umar ba, amma an yi dubban mata da aka kora ta hanyar Murzuk zuwa Tarabulus, ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya. Wadda aka ƙaga ita ta tsaya a madadinsu.

Kashi na biyu ne mai wuya, dattijon kuwa yana da rabon gaskiya a ciki. In labari yana iya sa mutum ya fasa mugunta, ashe yana iya sa shi ya ƙulla ta. Ba a cewa wuƙa tana yanka nama amma ba ta yanka yatsa. Ko Ruwan Bagaja, wanda aka daɗe ana karantawa a makarantu, cike yake da damfara da cuta, mai karatu kuwa dariya yake yi yana jin daɗin wayon mai cutar. Ba a ce kowa ya karanta shi zai zama ɗan damfara ba, yawancin mutane sun san wasa sun san gaske. Amma wannan ya nuna wanda ke haɗiye littattafai ba tauna ba shi da ikon cewa ba abin da suka yi masa. Abin da ya shiga ba a tace ba yana nan ciki, sai dai mai shi bai san inda ya kwanta ba. Ta wannan fuska mai goma sha biyu ya fi mai uku zama cikin hatsari, don ya buɗe ƙofa goma sha biyu bai tsaya a bakin ko ɗaya ya ga mai shiga ba.

Abin mamaki, dattijon da kansa ya fito daga makarantar da ta san ƙidaya sarai. Alƙur'ani izu 60 ne, almajiri yana sane da ko izu nawa ya kai, ran sauka kuwa a yi walima a yanka rago. A zaure ma ana cewa wane ya sauke Ahalari, ya sauke Ishmawi, yana cikin Iziyya, zai shiga Risala. Ba wanda ya ce wannan lissafi aibi ne. Sai dai a can ba ɗalibi ke ja wa kansa layi ba. Yakan karanta 'yan layuka, malam ya fassara, ya koma ya maimaita, gobe in bai riƙe na jiya ba ba a ƙara masa. Akwai kuma littattafan da ake saukewa kowace shekara a sāke komowa kansu, kamar yadda ake karatun Ashafa da tafsiri cikin watan azumi, ba kuwa wanda ke cewa ai bara an ji wannan. Watau mutanen da sun haɗa abu biyun da 'yan'uwan nan suka raba a tsakaninsu, ɗaya ya ɗauki ci gaba, ɗaya ya ɗauki tsayawa. Abin da ya ɓace wa mai karatun boko shi kaɗai a bakin gona shi ne wanda zai tare shi ya ce, me ka ji a nan? Laifin malamin aji ke nan, in laifi ne. Ya ba su adadi ya ba su adaka, bai sa musu ranar da za su riƙa haɗuwa suna tambayar juna ba, sai da shekara ta ƙare.

Saura littafi na uku, wanda ƙanen ya aje a tsakiya. Bai faɗi dalili a zaure ba, sai bayan an watse ya raka malam bakin hanya. Littafin Wa Zai Auri Jahila? ne, na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Ita mai littafin an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya ƙarama, sai daga baya ta koma karatu ta ajin manya, watau ta hanyar da su ma suka bi. Labarin wata yarinya ce Abu, wadda ubanta ya fid da ita daga makaranta, saurayin da aka yi mata alkawari ya ƙi ta don ba ta yi boko ba, aka ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma. Ƙanen ya kai inda aka kai Abu gidan tsohon, ya rufe littafin, wata huɗu bai sāke buɗewa ba. Yana da 'ya mai shekara goma sha uku, tana aji shida. Da tumatirinsa ya lalace, wani mai hali a garin ya ba shi taki da iri bashi don noman damina, bai matsa masa da biya ba, daga baya ya aiko a gaya masa yana son yarinyar. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Bashin kuwa yana nan.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba wuyar karatu ce ta tsai da ni ba. Na san uban yarinyar nan, kullum ina ganinsa in na sunkuya wanke fuska a bakin ruwa. Tsoro nake ji in ga abin da ya zama ƙarshensa."

Malam ya yi shiru har suka kai bakin kwalta. Bai gaya masa yadda labarin ya ƙare ba, bai kuma gaya masa abin da zai yi da 'yarsa ba. Ya ce dai littafin ba na gaggawa ba ne, ya riƙe shi, amma kada ya mayar da shi adaka bai sauke ba.

Da aka gama sussuka, wan ya sa aka shafe bangon zaure da farar ƙasa, ya ce bana ashirin zai yi. Malam ya ce madalla, da sharaɗi ɗaya, kowace Juma'a bayan la'asar ya zo ya ba 'yan aji labarin inda ya kai, su yi masa tambayoyi. Wan ya ɗan ɓata fuska, ya ce wannan ai zai rage masa sauri, sa'an nan ya yarda. Ƙanen ya sayar da buhu huɗu cikin shinkafarsa ya kai wa mai bashi rabin kuɗinsa, ya ce sauran sai an yanke alkama. Mutumin ya karɓa, ya tambayi ɗaya maganar, ƙanen ya ce a dakata tukuna. Daren nan bayan lisha ya ɗauko littafin daga ƙarƙashin tabarma, ya buɗe inda ya sa tsinke, ya ga idonsa ya yi nauyi da wata huɗun nan, yana ta tuntuɓe a kan kalmomi. Sai ya kira yarinyar, gama ta fi shi saurin karatu nesa ba kusa ba. Ya miƙa mata littafin, ya haska mata waya, ya nuna mata layin da yatsa, ya ce ta ɗauka daga nan, ta yi a hankali yadda zai ji.